Na'urorin kwantar da firgici ba tare da magani ba: wanne ya cancanci shiga ɗakin gaggawa?

Tambayar ta fito daga wata ma'aikaciyar jinya da ke riƙe da ɗakin gaggawa a wani babban asibitin jiha. Ta ce da wuya mako ya wuce ba a kawo musu mutum ba, galibi matashiya, numfashi sama-sama, hannu ya ƙandare, tana kuka tana cewa mutuwa za ta yi, a auna komai a ga lafiya lau. Abin da suka saba shi ne allurar diazepam, ko a ba ta leda ta yi numfashi a ciki. Yanzu ta ga ana tallar wasu na'urori a intanet da ake cewa suna kwantar da firgici ba tare da magani ba, tana so ta san ko suna aiki, da kuma wanda ya kamata ta nemi hukumar asibiti ta saya musu.

Sista, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri da kika damu da waɗannan marasa lafiya, don su ne aka fi yi wa kallon masu raki a ɗakin gaggawa. Akwai na'urorin da ke taimakawa. Amma mafi yawan abin da za ki buƙata a daren da aka kawo irin wannan yarinya bai kai kuɗin katin waya ba, kuma na'urar da ta fi cancanta ki fara nema ita ce wadda za ta nuna miki cewa abin da ke gabanki ba firgici ba ne. Ledar kuwa, ina roƙonku ku daina daga yau. Zan faɗi dalili.

Sai mun san abin da ke faruwa a jiki kafin mu iya auna kowace na'ura. Idan firgici ya taso, jiki yana sakin sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sauri ya yi zurfi. Mai abin yana jin iska ba ta isarsa, alhali jininsa cike yake da oksijin. Abin da ya ragu shi ne iskar kabon dayoksaid, wadda muke fitarwa da kowane numfashi. A jinin mai lafiya tana tsakanin 35 da 45 a ma'aunin da muke amfani da shi, mai irin wannan haki kuwa yana iya sauke ta zuwa 25 ko ƙasa da haka cikin 'yan mintoci. Da ta ragu, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa sai su tsuke, jiri ya zo, gani ya dushe. Sinadarin kalsiyam da ke yawo a jini ya ƙara mannewa da furotin, shi ya sa leɓe da yatsu ke sagewa, hannu ya ƙandare. Sai mutum ya ɗauki waɗannan alamu a matsayin shaidar cewa ajali ne ya zo, tsoro ya ƙaru, haki ya ƙaru, alamu su ƙara tsananta. David Clark na Jami'ar Oxford ya yi bayanin wannan zagaye tun 1986, kuma a kansa aka gina mafi yawan maganin da ake yi wa ciwon ta hanyar magana.

Akwai wani abu da nake so ki riƙe. Firgici yana kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, kuma galibi yana lafawa da kansa kafin minti 30. Kafin a samo Keke Napep, a iso asibiti, a yanki kati, abin ya riga ya kama hanyar sauka. Duk abin da aka ba mutum a wannan lokaci zai zama kamar shi ya warkar da shi, na'urar dala 200 ce ko leda ko allura. Diazepam da aka yi a tsoka ma shigarsa jini a hankali take kuma ba ta da tabbas, sau da yawa firgicin ya wuce kafin ya fara aiki, sai a bar ki da mai barci a kan gado har asuba. Don haka shaidar masu cewa sun gwada na'ura ta yi musu aiki ba ta isa hujja ba. Hujja ita ce a kwatanta waɗanda aka ba na'urar da waɗanda ba a ba ba, a ga bambanci.

Yanzu ga wurin da na fi so mu daɗe. Kuskure a nan ta fuska biyu yake zuwa. A 1996 an yi bincike a Cibiyar Zuciya ta Montreal a Kanada kan mutum 441 da suka zo ɗakin gaggawa da ciwon ƙirji. Kusan kashi ɗaya bisa huɗu ciwon firgici ne da su, kuma likitocin zuciyar da suka duba su ba su gane shi ba a kusan dukkansu. Shekara guda bayan haka, a 1997, wani bincike a Amurka ya duba mutum 107 masu wani ciwon gudun zuciya da ake kira SVT, wanda wutar zuciya ce ke rikicewa ta riƙa bugawa 150 zuwa sama da 200 a minti. Kashi biyu bisa uku na waɗannan mutane alamunsu sun cika sharuɗɗan ciwon firgici, fiye da rabinsu ba a gano ainihin ciwon ba a zuwan farko, kuma an ɗauki sama da shekara uku a tsaka-tsaki kafin a gano. Mata ne aka fi ce wa damuwa ce kawai. Mai SVT tana bayyana abin da cewa farat ɗaya ya fara, farat ɗaya ya tsaya, kuma idan ba a yi mata awon ECG, wato awon wutar zuciya, a daidai lokacin da abin ke faruwa ba, takardar za ta fito ba komai.

A wajenmu akwai waɗanda ba na yarda a kira su masu firgici sai an bincika sosai. Ta farko ita ce mai jego. Ciwon raunin zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa fiye da kusan ko'ina a duniya, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta shi, kuma har yau asibitocin Kano da Sakkwato suna ganinsa da yawa. Mace mai wata biyu ko uku da haihuwa da ta zo tana haki, gabanta na faɗuwa, ba ta iya kwanciya rigingine, ƙafa ta ɗan kumbura, wannan zuciya ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Haka gudan jini da ya toshe jijiyar huhu, wanda ke kama mai ciki da mai jego da wanda ya daɗe a kwance. Ga mai sikila da ciwon ya hau ƙirji. Ga mai asma, wanda idan ta tsananta ƙarar shaƙar ma ɓacewa take yi. Ga mai ciwon suga da jininsa ya yi tsami, wanda ke jan numfashi mai zurfi don jiki na ƙoƙarin fitar da tsamin, kuma idan kika sa shi ya rage numfashi cutar da shi kika yi. Ga wanda sugansa ya faɗi, musamman mai allurar insulin ko mai shan glibenclamide da ya ɗauki azumi, yana gumi yana karkarwa. Ga wanda ya kwana da janareto a baranda ko gawayi a ɗaki lokacin hunturu. Sai mai ƙarancin jini, da mai ciwon maƙoƙo, da saurayin da ya daina tramadol ko kodin kwana biyu da suka wuce, da wanda ya sha lemon ƙara kuzari gwangwani uku.

Saboda haka idan hukuma ta ce ki rubuto abin da kike so, ki fara da oksimita ta maƙala wa yatsa mai auna oksijin na jini, da na'urar awon suga da isassun tsinkayenta, da na'urar awon hawan jini mai kyau, da injin ECG mai aiki da takardarsa, a cikin ɗakin gaggawa, ba a wani ofis da ake kullewa ƙarfe huɗu ba. Su kansu suna kwantar da hankali. Ki juya wa yarinyar fuskar oksimita ta ga 99 da idonta, ki ce mata ga iskar da ke jininki, ta cika, wannan ya fi a ce mata ba komai sau goma. Sai dai ki san iyakar oksimita. Wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna cewa a baƙar fata na'urar tana ɓoye ƙarancin oksijin kusan ninki uku fiye da a farar fata, wato ta nuna lamba mai kyau alhali jini ya yi ƙasa. Idan ta nuna 92 ko 93 ga mai haki, kada ki saki jiki. Sanyin hannu da fentin farce da baƙin lalle suna rikita ta. Wanda ya shaƙi hayaƙin janareto kuwa za ta nuna masa 98 yana cikin haɗari, don ba ta bambanta oksijin da gubar hayaƙin.

Sai leda. Tunanin da ke bayanta daidai ne a takarda, wato mutum ya sake shaƙar iskar da ya fitar don kabon ya dawo. Matsalar ita ce oksijin yana raguwa a cikin ledar da kowane numfashi. A 1989 wani likitan gaggawa a San Francisco, Michael Callaham, ya wallafa labarin mutum uku da aka sa su numfashi a jakar takarda bisa zaton firgici ne, alhali ƙarancin oksijin ko ciwon zuciya ne da su, kuma duka ukun sun rasu. Ya kuma gwada a kan masu lafiya ya ga yadda oksijin ke faɗuwa cikin 'yan mintoci. Jakar takarda ke nan, wadda iska ke ɗan ratsawa. Tamu baƙar leda ce da ke manne wa hanci da baki. Littattafan taimakon gaggawa na yanzu sun cire wannan hanya, kuma abin da take yi ana samunsa ta hanyar da ba ta da haɗari.

Hanyar ita ce rage yawan iskar da ke shiga da fita. Kusan duk ƙananan na'urorin hannu da kika gani a talla, irin CalmiGo mai fitilu da jijjiga da ɗan ƙamshi, ko sarƙar wuya mai ɗan bututun ƙarfe da ake hurawa, aiki ɗaya suke yi: suna tsawaita fitar numfashi, suna kuma ba hankali abin kamawa. Wannan aiki ne na gaskiya. Lokacin fitar numfashi jijiyar bagus tana rage gudun zuciya, kuma idan fitar ta yi tsawo adadin numfashi a minti dole ya sauka. Amma bututun shan lemo yana yin haka. Ki ba ta sabo, ta shaƙa ta hanci a hankali kina ƙirga uku ko huɗu, ta hura ta bututun kina ƙirga shida. Kada ki fara da wannan gudu idan tana numfashi 35 a minti, ba za ta iya ba, kuma kasawar za ta ƙara tsorata ta. Ki fara kusa da inda take, kina ɗaga hannunki kina saukewa, kina rage gudu kaɗan-kaɗan har ku kai 10, in ta iya ku gangara wajen 6. Akwai manhajojin waya na kyauta masu da'ira da ke buɗewa tana tsukewa, suna maye gurbin hannunki idan aka kira ki wani gado. Bututun kuma ana jefar da shi bayan mutum ɗaya. Na'urar da ake sa wa a baki a ɗakin da masu tarin fuka ke shiga, sai ki tambayi mai sayarwa nawa ne bakin canji, kuma daga ina za a riƙa samo shi.

Wani abu da kusan kowa ke faɗa wa mai firgici, har da mu ma'aikata, shi ne ja dogon numfashi. Wannan umarni yana ƙara ciwon. Mutumin da kabon ɗinsa ya riga ya yi ƙasa, idan ya cika ƙirji ya fitar da ƙarfi, ƙara zubar da shi yake yi. Abin da ake so shi ne numfashi a hankali kuma marar zurfi, ta hanci, ciki na ɗagawa kaɗan, kafaɗu a sake. Za ta ce miki iska ba ta isarta. Ki gaya mata gaskiya, cewa wannan jin zai ɗan ƙaru na minti ɗaya ko biyu kafin ya sauka, kuma ga oksimita tana gani.

Wannan darasi ya fito ne daga aikin Alicia Meuret, wadda ta fara shi a Jami'ar Stanford ta ci gaba a Dallas, kuma daga nan ne na'urar da ta fi kowace hujja a wannan fage ta samo asali. Ana sa wa mutum siririn bututu a hanci da ke auna kabon ɗin da yake fitarwa, yana ganin lambar a allo, yana bin wani sauti da ke tsara masa numfashi, yana ƙoƙarin ɗaga lambar zuwa wajen 40. Minti 17, sau biyu a rana, mako huɗu. A bincikenta na 2008 kan mutum 37, kusan kashi biyu bisa uku ba su ƙara samun firgici ba da aka bibiye su bayan shekara guda. Na'urar Freespira, wadda hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita a 2013, a kan wannan tsari aka gina ta. Ki lura da abu biyu. Adadin mutanen kaɗan ne, sannan horo ne na wata guda a gida, ba abin da ake miƙa wa mutum yana tsakiyar firgici ba. Sai dai idan kuna da allon sa ido irin na ɗakin tiyata mai auna kabon, da bututun hancinsa, za ki iya juya shi ta riƙa kallon lambar tana hawa daga 24 zuwa 30 zuwa 35 yayin da yatsunta ke saki. Ban san wani bayani na baki da ya kai wannan shiga zuciyar mai firgici ba, don da idonta take ganin cewa numfashinta ne ke kawo alamun, kuma ita ke da ikon mayar da su.

Ƙaramar fanka ta hannu mai caji, irin wadda ake sayarwa a kowace kasuwa lokacin zafi, tana cikin abubuwan da nake so a ajiye a aljihun tebur. Iska mai sanyi a kan hanci da leɓe da kumatu tana taɓa jijiyar fuska, saƙon ya je ƙwaƙwalwa ya rage jin shaƙewa. An nuna haka a masu lafiya tun 1987, sannan a 2010 likitoci a Cambridge ta Ingila suka gwada a kan mutum kimanin 50 masu haki na ciwon huhu da zuciya da ciwon daji: fanka a fuska na minti 5 ta rage jin hakin, fanka a ƙafa ba ta kai ta ba. A masu irin waɗannan cututtuka aka gwada, ba masu firgici ba, amma jin shaƙewar hanyarsa ɗaya, kuma fanka ba ta da illa. A riƙe ta kamar taƙi ɗaya daga fuska, zai fi kyau ita ta riƙe da hannunta. In babu caji, mafici ya wadatar.

Sanyi kuma yana da nasa aiki, mai ƙarfi fiye da na fanka. Idan ruwan sanyi ya taɓa goshi da kewayen ido, jiki yana yin abin da yake yi in mutum ya nutse a ruwa, zuciya ta rage gudu nan take. Ledar fiya wata mai sanyi a naɗe da ƙyalle, a ɗora a goshi da kumatu na daƙiƙa 15 zuwa 30, ta isa. Ba a yi wa mai ciwon zuciya, ko wanda bugunsa ke ƙasa, ko mai shan magani irin atenolol da propranolol. Ba na yi wa mai sikila, don sanyi na tayar musu da ciwo. Kuma ɗorawa ake yi da izininta bayan an gaya mata. Watsa wa mutum ruwa a fuska ba zato, kamar yadda 'yan rakiya kan yi, tsoro yake ƙarawa.

Tunda na ambaci SVT, akwai wata 'yar dabara da ta shafe shi wadda kowane ɗakin gaggawa ya kamata ya iya, kuma kayan aikinta sirinji ne mai cin mil 10 ba allura. Mara lafiya yana zaune a jingine, ya hura bakin sirinjin da ƙarfin da zai motsa sandar na daƙiƙa 15, nan take a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa na wasu daƙiƙa 15. A gwajin REVERT da aka yi a asibitocin Ingila aka wallafa a 2015, wannan hanya ta hurawa da ɗaga ƙafa ta dawo da bugun zuciya daidai ga 43 cikin 100, tsohuwar hanyar hurawa ba ɗaga ƙafa kuwa 17. Wannan na SVT ne da aka tabbatar da ECG, likita na tsaye. Ba maganin firgici ba ne, kada a haɗa su.

Sauti a kunne yana da hujja mai yawa, duk da cewa mafi yawanta daga ɗakin tiyata ta fito. Wani nazari a mujallar Lancet a 2015 ya tattara gwaje-gwaje 73 na kusan mutum 7,000, ya ga sauraron kiɗa yana rage fargaba da jin zafi bayan aiki. Ɗakin gaggawa wuri ne mai hayaniya, ga kukan 'yan uwan wani, ga ƙarar gado, ga jinin wanda ya yi hatsari. Abin saƙala wa kunne yana raba ta da wannan. Ki bar ta ta zaɓi abin da za ta ji a wayarta. Da yawa cikin marasa lafiyarmu karatun Alƙur'ani za su zaɓa da muryar da suka saba, kuma carbi a hannu yana ba yatsu da numfashi tsari. Haka a Vienna ta Ostiriya, a 2003, ma'aikatan motar asibiti sun gwada manna ɗan ƙwallo a wani gurbi na kunne ga mutum 36 da ake ɗauka zuwa asibiti, waɗanda aka manna wa a gurbin da ake nufi suka iso da ƙarancin fargaba. Gwaji ne ƙarami, ba zan sa ki kashe kuɗi a kansa ba.

Tabarau mai nuna wata duniya, da ƙaramar na'urar Buzzy mai jijjiga da ƙanƙara wadda wata likitar yara a Atlanta, Amy Baxter, ta ƙirƙiro, na tsoron allura da ɗinki da wankin ƙuna ne, musamman ga yara, kuma a nan suna da amfani. Mai firgici da ke jin jiri, tana jin kamar duniyar ba gaskiya ba ce, rufe mata ido da tabarau ba taimako ba ne. Bargo mai nauyi an gwada shi a Stockholm a 2020 kan mutum 120, mai kilo 6 zuwa 8, ya taimaka wa rashin barci cikin mako huɗu. Barci ke nan a ƙasar sanyi. Ba na ɗora kilo takwas a ƙirjin mai haki a watan Afrilu, ga wahalar wanki tsakanin mara lafiya da mara lafiya, kuma a 2022 an janye irinsa na yara sama da 200,000 daga kasuwar Amurka bayan yara biyu sun shige cikin rigar bargon sun rasu. Masu maƙala wa kunne su saki 'yar wutar lantarki, irin Alpha-Stim, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin magani a Birtaniya ta duba su a 2021 ta ce hujjar ba ta kai a riƙa amfani da su yau da kullum ba. Na'urar gammaCore da ake dannawa a wuya, amincewar da ta samu a 2017 da 2018 ta ciwon kai ce. Idan ɗan kasuwa ya ce miki FDA ta san da kayansa, ki tambaye shi rajista kawai aka yi ko an duba an amince, kuma don wane ciwo, sannan ki nemi lambar NAFDAC.

Ban ce a kulle diazepam a jefar da makulli ba. Akwai wadda za a yi duk wannan na minti 20 ko 30 ba ta sauka ba, ko tana neman ji wa kanta ciwo. Likita zai iya ba ta ƙwaya ɗaya ta baki, a sa mata ido. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da allura gaisuwar shiga, da kuma a rubuta mata kati guda ta tafi da shi gida. Ƙa'idar NICE tun 2011 ta ce kada a rubuta wannan rukunin magani don ciwon firgici, saboda sakamakonsa a dogon lokaci ba shi da kyau, kuma ke kin fi ni sanin yadda D5, wato ƙwayar diazepam, ke yawo a hannun matasa da matan aure a garuruwanmu. Da yawa daga takardar asibiti suka fara.

Na'ura ma tana da irin wannan tarko, ko da ba ta sa maye. Wanda ya yarda cewa bututu ko fanka ne suka hana shi mutuwa zai riƙa yawo da su kamar laya, ranar da ya manta su a gida firgicin ya taso tun a bakin ƙofa. Shi ya sa abin da kike faɗa yayin miƙa kayan yake da nauyi. Ki ce mata wannan zai sa abin ya wuce da sauƙi, amma ko babu shi zai wuce, don firgici ba ya tsayar da zuciya kuma ba ya haukatarwa. Wani bincike a Toronto a 1992 ya kwatanta masu firgici da aka lallasa kawai a ɗakin gaggawa da waɗanda aka ƙara musu da umarnin su koma wurin da abin ya same su da wuri, kada su guje shi. Na biyun ne suka samu sauƙi cikin wata shida. Idan a kasuwa ya same ta, ko a aji, ko a cikin mota, ta koma cikin kwana ɗaya ko biyu, da rakiya in ta so.

Game da 'yan rakiya, ki rage su zuwa mutum ɗaya wanda ita ta zaɓa, ki ja labule. Da yawa za su ce iska ce ko aljanu, wasu sun riga sun biya wajen malam kafin su zo. Ba na jayayya da su a bakin gado, kuma ba na hana addu'a. Abin da nake hanawa shi ne turara hayaƙi ga mai haki, da danne ta, da ɗura mata ruwa ko rubutu tana cikin shaƙewa. Idan ta lafa, ki kira uwar ko mijin ki yi musu bayanin numfashi da yatsu kamar yadda na yi miki, da Hausar da za su gane, don su ne za su kasance tare da ita a karo na gaba.

Kafin ta tafi, a keɓe, ki tambaye ta barcinta, da abin da ke damunta a gida ko makaranta, da ko wani na cutar da ita, da ko ta taɓa tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, kuma sau da yawa ke ce ta farko da ta taɓa yi mata. Wadda abin ya maimaita mata, ko ta fara ƙin fita saboda tsoronsa, a rubuta mata takarda zuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa mafi kusa, ko na asibitin koyarwa, ko irin na Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da na Maiduguri, inda ake maganin magana da magunguna irin sertraline da fluoxetine waɗanda ba sa kama mutum. A gaya mata ta dawo nan take idan ta suma, ko ciwon ƙirjin ya zo da tafiya ko hawan bene, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko ta yi tarin jini, ko abin ya zo da wata siffa da ba ta saba ba. Wadda kuma ta ce bugun farat ɗaya yake farawa ya tsaya, a rubuta mata a katinta cewa duk asibitin da ta je a yi mata ECG kafin ya lafa.